Sunan Aro na Baba Dorinto

Idan ka tsaya a barandar gidan waya ka tambayi mutum ina mai buga takardu yake zama a da, sai ya tsaya yana sosa ƙeya. Amma ka ce Baba Dorinto, ko mai wankin takalmi zai nuna maka kusurwar da teburinsa ya yi shekara da shekaru a ajiye. Teburin katako ne mai gajeriyar ƙafa ɗaya da ya tokare da ninkakken kwali, ga bencin masu jira a gefe, ga kuma tafireta baƙa mai nauyin tsiya, an rubuta DORINTO a goshinta da haruffan ƙarfe masu ruwan zinariya. Sunan kamfanin da ya ƙera ta ne. Tun yana saurayi, lokacin da yake ɗauko ta a ka daga gida kowace safiya, direbobin da ke sauke buhunan wasiƙu suka fara kiransa da abin da suka gani a rubuce, sunan kuwa ya bi shi. Da shi ya yi aure, da shi ya haifi 'ya'ya, har matarsa, wadda yaran ke kira Umma, idan ya ba ta haushi cewa take yi, “Wannan Dorinton dai, sai Allah.”

Takardar neman aiki, takardar koke, takardar ban haƙuri ga maigidan da aka saɓa wa, takardar neman a gyara famfon unguwa, babu wadda ba ta bi ta cikin injin nan ba. Masu buga takardu suna da yawa a barandar a wancan zamani, wasu ma sun fi shi saurin hannu nesa ba kusa ba. Abin da ya raba shi da su hali ne guda, wanda ya sha jawo masa tsaki: ba ya saka takarda a inji sai mutum ya ba shi labarinsa sau biyu.

A karo na farko zai ɗauki tsohon buroshin haƙori yana share haruffan injin, yana gyaɗa kai, yana cewa “Allah sarki” da “ai kuwa” a inda ya dace. Mutum zai zazzage cikinsa kaf, da zagin da rantsuwar, wani har da hawaye. Sai Baba ya ajiye buroshi, ya gyara zaman tabarau, ya ce, “To, yanzu sake gaya mini.”

Akwai masu tashi su koma teburin gaba, kuma an buga musu zaginsu tsaf, har da kwafi na biyu ta takardar kabon. Waɗanda suka daure suka sake, su suka ci riba. Wata mata ta zo a rubuta wa mai gidan hayarta cewa shi azzalumi ne ɗan azzalumai, da ta sake faɗa sai ya zamana rufi ne ke yoyo daidai kan gadon jaririnta, kuma da aka rubuta hakan, kafinta ya zo a makon. Wani magatakarda ya zo da kumfar baki zai ajiye aiki, ya tashi da takardar neman hutu a aljihu. A ofishin da ya so ya bari ɗin ya yi ritaya, kuma har yau idan ya hango Baba a hanya sai ya sauka daga kan babur ya gaishe shi.

Sai zamani ya juya. Shagunan kwamfuta suka buɗe a tsallaken titi, daga baya kowa ya samu waya a hannu, bencin jira ya koma wurin hutun masu talla. Wata rana Baba ya ɗora injin a bayan mota ya kai shi gida, ya ajiye shi a kan kabad ɗin falo, Umma ta rufe shi da ƙyalle mai fure saboda datti. Bai yi ƙorafi ba, don ba halinsa ba ne. Amma kowace safiya sai ya saka rigarsa gogaggiya, ya soka biro a aljihu, ya zauna a ƙofar gida kamar mai jiran wani. Abin da ke cin ransa ba rashin aikin ba ne. Tsoro yake ji kada aikin ya shuɗe gaba ɗaya, a wayi gari babu wanda ya san an taɓa yin wani mutum da ke zama ya saurari mutane kafin ya rubuta musu.

Autarsa ce ta karanci kwamfuta. Yarinya ce mai shiru, mai taurin kai irin nasa, duk da shi yana cewa a wajen uwarta ta gado. Ta mayar da ɗan ɗakin da ke kusa da kicin wurin aikinta, ta yi wata da watanni a ciki da kwamfutar cinya da abin toshe kunne, tana fitowa lokaci-lokaci ta jefa masa tambaya. Yaya ake buɗe takarda zuwa ga shugaban makaranta? Idan mutum ya yi laifi kuma yana da hujja, wanne ake fara sakawa? Baba yakan amsa da tsawo, da misalai, har da waɗanda ba a tambaye shi ba. Shi a zatonsa hira take taya shi don kada kaɗaici ya dame shi.

Ranar da ta gama, da hantsi, ta same shi a ƙofar gida ta miƙa masa wayarta.

“Baba, yi mata magana. Ka ce kana son a rubuta maka takarda.”

“Wayar zan yi wa magana?”

“Manhaja ce na haɗa. Kai dai gwada.”

Ya karɓa da yatsa biyu, ya ƙirƙiro labarin maƙwabcin da akuyarsa ke cinye masa shuka, ya zuba masa gishiri yadda ya saba ji a bakin mutane. Da ya yi shiru, sai wayar ta ce cikin natsuwa, “To, yanzu sake gaya mini.”

Baba ya kalli wayar, ya kalli Auta. Ita kuwa ta danne dariya ta nuna masa saman allon da ɗan yatsa. Can a sama, da haruffa masu ruwan zinariya, an rubuta DORINTO.

Ya yi dariya har tabarau ya zame masa. Sannan ya miƙe ya ce zai je ya duba famfon bayan gida, famfon da lafiyarsa lau, ya kuma daɗe a can. Da ya dawo idanunsa sun yi ja, ya ce sabulu ne.

Daga nan gida ya kama da murna, kuma a nan ne suka tafka kuskuren da babu mai tafka shi sai su. Babban ɗansa, wanda ƙannensa ke kira Yaya Babba, mai zanen allunan shaguna ne, mutumin da idan ya ga bango fari hannunsa ƙaiƙayi yake yi. Kafin Auta ta ce a dakata, ya zana sunan a bangon shagonsa da manyan haruffa, ya buga shi a riguna, ya liƙa shi a bayan motar surukinsa. Umma ta kai labari gida-gida. Tsofaffin abokan baranda suka riƙa zuwa taya murna, Baba yana nuna musu wayar yana cewa, “Ku yi mata ƙarya ku gani.” Cikinsu duka babu wanda ya tsaya ya tuna daga ina sunan ya fito. A gidan nan, idan an ce Dorinto, dattijo mai tabarau ake nufi, wanda ba ya son a taɓa masa rediyo.

Saura a saka manhajar a kasuwar manhajoji inda kowa zai iya saukewa, sai Auta ta kira ƙawarta ta makaranta, wadda yanzu lauya ce, don ta taya ta yi wa sunan rajista. Lauya ta zo da yamma, ta durƙusa ta gaida Baba da Umma, ta buɗe kwamfutarta a kan teburin falo. Yaya Babba na tsaye da sabuwar rigar a jikinsa. Ta rubuta sunan a shafin rajistar alamun kasuwanci, ta danna, sai fara'arta ta ragu.

“Auta, kin bincika sunan nan kafin a fara buga riguna?”

“Me zan bincika? Sunan Baba ne.”

“Sunan wani kamfani ne. Sun yi masa rajista tun tuni, kuma suna sabunta ta.”

Baba ya gyara zama. “Wane kamfani kuma, 'yata? Ni ne Dorinto. Ki je gidan waya ki tambaya.”

“Na sani, Baba,” in ji Lauya a hankali. “Amma su suka fara.”

Umma ce ta tashi, ta je ta yaye ƙyallen da ke kan kabad. Haruffan ƙarfen suka bayyana, tsaf kamar yadda suke a rigar Yaya Babba, don ashe daga can hannunsa ya kwaso salon rubutun bai ma sani ba. Sai Umma ta fashe da dariya har tana dafa bango, Auta ta rufe fuska da hannu biyu, Yaya Babba ya sunkuyar da kai yana karanta ƙirjinsa.

Lauya ta yi musu bayani dalla-dalla. Kamfanin bai mutu ba, tafireta kawai ya daina yi. Yanzu injinan buga takardu yake ƙerawa, da manhajojin ofis, kuma rajistarsa ta haɗa da irin wannan kaya. Da shagon aski Baba ya buɗe ya sa masa sunan, mai yiwuwa babu wanda zai ce uffan, don babu mai zaton masu injin ne ke aski. Amma manhajar da ke rubuta takardu, duk wanda ya gani zai ɗauka tasu ce. Ranar da suka kai ƙara, kasuwar manhajoji za ta sauke ta, duk masu amfani da ita su neme ta su rasa.

“To a canza harafi ɗaya mana,” in ji Yaya Babba, wanda lissafin fenti ya fara damunsa.

“Yaya, idan ya yi kama har mutum zai iya ruɗewa, duk ɗaya ne a wurin doka.”

Kowa ya yi dariyar abin, har da Baba, amma tasa ba ta kai ciki ba. Ransa ya sosu ƙwarai. Ya riga ya saba da tunanin cewa bayan ba shi, wani a wani wuri zai buɗe waya ya ga sunansa, ga shi an ce sunan ma na aro ne.

Washegari da sassafe gida ya tashi da ƙarar da aka daɗe ba a ji ba. Baba ya sauko da injin kan tebur, ya ɗiga masa mai, ya saka takarda, yana dukan haruffa kamar su suka yi masa laifi. Ya rubuta wa dubban mutane koke, bai taɓa rubuta nasa ba sai yau. Ya gaya wa kamfanin cewa shi ya riƙe musu suna da mutunci lokacin da su kansu suka watsar da tafireta, cewa ya ɗauki injinsu a ka har gashin wurin ya zube, cewa rashin godiya ba hali ba ne. Ya cika shafi ya juya wani.

Umma ta ajiye masa shayi, ta tsaya tana leƙe ta saman kafaɗarsa.

“Malam, wa ka ba wa labarin nan kafin ka saka takarda?”

Hannunsa ya tsaya a sama.

“Na ga dai wasu sai sun faɗa sau biyu ake buga musu,” in ji ta, ta jawo kujera ta zauna. “Ga ni. Sake gaya mini.”

Ya harare ta ta saman tabarau, amma ya zare takardar. Ya gaya mata, kuma da ya zo faɗa, sai zancen gashin kai da rashin godiya suka zube a hanya. Abin da ya rage kaɗan ne, shi ya buga a sabuwar takarda: cewa shi tsohon mai buga takardu ne, da injinsu ya ciyar da iyalinsa har mutane suka sa masa sunansa, cewa 'yarsa ta yi manhaja don tunawa da aikinsa, yana roƙo ko za su yarda ta ɗauki sunan. Auta ta ɗauki hoton takardar da na injin ta aika.

Amsa ta ɗauki makonni, ta zo da ɗan kwali. Sun ce takardarsa ta zagaya ofishinsu hannu zuwa hannu, sun manna hoton injin a bango, kuma ga ribon, wato zaren tawadar tafireta, da suka tono a sitonsu, kyauta. Game da sunan kuwa, sun ba da haƙuri da kalmomi masu laushi: ba za su iya barin wata manhaja ta fita da shi ba. Baba ya sa aka karanta masa sau biyu. Ya ce ko ba komai wanda ya rubuta ta ya iya rubutu, ya ce a'a ba tare da ya ci mutuncin kowa ba. Ribon ɗin kuwa ya shinshina shi, ya nuna wa duk wanda ya shigo gidan, har da mai karanta mitar wuta.

Amma manhaja na nan ba suna, Auta kuma ta rame da tunani. Ta ce masa idan ba sunansa ba, ita ba ta ga abin da za ta saka ba. Ranar hutun mako Lauya ta dawo, aka zauna a falo neman suna. Yaya Babba ya kawo Alƙalami, aka duba, wani ya riga su. Umma ta ce Sakatare, shi ma da mai shi. Auta ta ce to a sa Mai Rubuta Takarda kawai a huta, Lauya ta ce wannan bayanin aikin ne, kowa na da ikon faɗarsa, ba za a ba mutum ɗaya ya riƙe ba. Aka yi ta kawowa ana zubarwa har shayi ya huce.

“Sunan da ya fi ƙarfi,” in ji Lauya tana murza ido, “shi ne wanda babu shi a ko'ina. Wanda aka ƙirƙira, ba ya cikin ƙamus, ba ya jikin kayan kowa.”

Baba na zaune yana kallon Auta, yadda ta tattara gira tana cizon bayan biro, ya tuna watannin da ta yi a ɗan ɗakin nan ita kaɗai. Tun da aka fara wannan magana sunansa yake ta yi wa kuka, bai taɓa tsayawa ya tambayi kansa wa ya yi aikin ba. Kunya ta kama shi, sai kuma wani farin ciki ya biyo bayanta.

“Ni sunan inji aka ba ni,” in ji shi, “na karɓa da hannu biyu, don shi ya ciyar da ni. Wannan injin kuwa mutum ne ya yi shi. Shi ya kamata ya ɗauki sunan mai shi.”

“Baba, Auta ai kowane gida akwai,” in ji Yaya Babba.

“Ba shi nake nufi ba. Akwai wani, kuma na tabbata babu kamfanin da ke da shi, don a ƙarƙashin teburina aka haife shi.”

Auta ta ɗago da sauri. “Baba, kar ka fara.”

Umma ta riga ta fara dariya. Baba ya juya wajen Lauya, ya yi kamar bai ji ba.

“Ƙawarki tana ƙarama, kafin ta iya magana sosai, uwarta kan kawo ta wurina idan za ta asibiti. Sai ta shige ƙarƙashin tebur ta zauna a kan ƙafata. Kin san injin nan yana da 'yar ƙararrawa da ke kaɗawa idan layi ya ƙare. Duk lokacin da ta kaɗa, sai in ji daga ƙasa an ce, tinkili. Mutum na gabana yana kukan an kore shi daga aiki, ni ina fama da dariya. Da shi na riƙa kiranta har ta shiga sakandare. Ranar da na kai ta, na kira ta da shi a gaban ƙawayenta, ta ja ni gefe ta ce in yi mata alkawari ba zan sake ba.” Ya gyara tabarau. “Ban kuwa sake ba.”

“Wallahi ban taɓa ji ba,” in ji Lauya, idanunta na ƙyalli. Yatsunta sun riga sun hau kwamfuta.

“Idan kika rubuta shi, ni da ke mun ɓata,” in ji Auta, amma ba ta miƙa hannu ta hana ta ba.

Lauya ta duba rajista, ta duba kasuwar manhajoji, ta sake dubawa da rubutu iri-iri masu kama da shi. Kowa ya matso, har Yaya Babba ya daina numfashi da ƙarfi. Ta juyo da kwamfutar ta fuskance su. Shafin fari fat, babu ko layi ɗaya.

“Babu mai shi,” in ji ta. “Idan kin yarda, gobe in shigar da takardu.”

Auta ta kalli mahaifinta. “Baba, don kai na yi ta. Sunanka nake so mutane su gani.”

“Sun gani ai, shekara da shekaru. Yanzu naki nake so in gani, tun idona na gani.”

Ta share gefen ido da bayan hannu, sannan ta gyaɗa wa Lauya kai. Yaya Babba ya fara tambayar ko da wane launi za a zana, Umma ta ce wannan karon ya bari sai takarda ta fito kafin ya taɓa bango. Auta ta tattara kofunan shayi ta nufi kicin don ta ɓoye fuskarta.

Baba ya bari sai da ta kai bakin ƙofa. Ya yi gyaran murya, kamar mai gwada abin da ya daɗe a ajiye.

“Tinkili.”

Ta tsaya da tire a hannu, ba ta juyo ba tukuna.

“Na'am, Baba.”